Ranar da Na Tsaya wa Saje

A Gana ba a zaɓen ɗan sanda. Shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar, daga hedikwata kuma ake turo wa kowace unguwa kwamandanta, ya zo da jakarsa, ya yi zamansa, a ɗauke shi a kawo wani. Mutanen Nima, unguwarmu a Accra, ba su taɓa zaɓar wanda zai riƙe sanda a kansu ba. Shi ya sa da ɗana da ke zaune a Amurka ya ba ni labarin wani babban jami'in tsaro da suke kira sharif, wanda mutanen gunduma ke jefa wa ƙuri'a, galibi duk bayan shekara huɗu, har tsofaffin abokan aikinsa su riƙa fitowa a jarida suna cewa mun san shi, ku zaɓe shi, sai na yi dariya. Na ce masa ai ubanka ma ya taɓa yin wannan aiki. Sai dai kujerar da muka nema ba ta kama ƙafar ta sharif ba, kuma ni ba a jarida na yi magana ba, a gaban mutanen da suka san sunan kakata ne.

Kujerar ita ce ta asambuliman, wakilin unguwa a majalisar birnin Accra, a zaɓen 2002. Wanda ya tsaya kuwa tsohon abokin aikina ne, wanda har ya koma ga Allah ba mai kiransa da sunan yanka, Saje kawai. Ya girme ni da 'yan shekaru, ya kuma riga ni shiga barikin horo na Tesano. Gidansu na bakin babbar kwatar nan da ake kira Gota, ta ɓangaren Maamobi. Ni haifaffen Nima ne, aure ya tsallakar da ni zuwa lungunsu.

Tsakanin zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, da kaki akwai tsohuwar dangantaka, wadda ba kowa ke son tunawa da ita ba. Tun 1873, lokacin da Kyaftin Glover ya kwaso dakarun da ake kira Hausawa daga Legas don yaƙin Asante, mutanenmu ne ke riƙe wa Bature bindiga da sanda a wannan ƙasa. Hausa ce ta zama harshen bariki, har taken wata rundunar sojan ƙasar, Kullum Shiri, da ita aka yi shi. Mahaifina ɗan sandan rakiya ne na zamanin Turawa, masu gajeren wandon kaki da jar dara. A lokacinsu 'yan sanda kashi biyu ne: masu ilimin boko, yawancinsu 'yan kudu, su ke zama a kan tebur su rubuta bayani, mutanen arewa da na zango su ke fita kamu da tarwatsa taro. Wato mu ne hannun da ke duka. Abin takaicin shi ne, mu ne kuma bayan da ake duka. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a shekarun 1930, ta cika ta batse bayan Yaƙin Duniya na Biyu da tsofaffin sojoji da masu gadi da leburori, aka daɗe ba a lissafa ta cikin tsarin birni, ba hanya, ba famfo, ba magudanar kirki. Amma duk satar da aka yi a Accra, ko a Osu ce ko a Cantonments, da asuba sai ka ji motar 'yan sanda ta tsaya a bakin lungunmu.

To ka ga ɗan zangon da ya sa kaki ya shiga tsaka mai wuya. A wurin aiki ɗan Nima ne, ana kallonsa da wutsiyar ido idan za a fita samame, kada ya tsegunta. A gida kuma polis ne. Da ya zauna a bencin mai shayi sai hira ta koma ta ƙwallo. Na yi shekarun aikina duka a haka, Saje ma haka.

Ina sabon kurtu aka fitar da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, ranar 18 ga Nuwamba 1969. Mako biyu aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Wa ke da takarda a zango? Mutumin da aka haifa a Accra, aka haifi ubansa a Salaga, ba shi da abin da zai nuna sai kabarin kakansa. Yarbawa da Zabarmawa da Hausawa da Mosawa suka yi ta ɗaure kaya. Na ga an sayar da keken ɗinki a kuɗin buhun gawayi. Na ga gidaje sun canja hannu cikin dare ɗaya, wasu ma ba ciniki, an dai jira mai gida ya hau mota aka fasa kwaɗo. Ba zan kama suna ba, amma akwai manyan gidaje a unguwarmu da arzikinsu ya faro daga waɗannan makonni biyu, kuma tsofaffi sun san su.

Maƙwabcin mahaifiyar Saje wani tela ne Bayerabe, mutumin Ogbomosho, mai gida ɗaki huɗu. Daren da zai tafi ya kira Saje, wanda a lokacin ko igiya ɗaya bai samu ba, ya miƙa masa makulli. Ba shaida, ba takarda. Ni ma ban sani ba sai daga baya, da na ga yana rubuta wasu lambobi a bayan littafin aljihunsa duk ƙarshen wata. Kuɗin haya ne. Idan ya sami direban da ya yarda da shi mai bi ta Aflao zuwa Legas, sai ya aika. Da sidi, kuɗin ƙasar, ta fara narkewa a zamanin Acheampong, ya ga ajiye kuɗi asara ce, sai ya riƙa sayen bulo da kwanon rufi da su. Telan ya rasu a garinsu bai sake ganin Accra ba. Da ɗansa ya zo a ƙarshen shekarun 1980, yana tsammanin ko harsashi ba zai tarar ba, ya sami gida ɗaki shida da tarin littattafan aljihu a cikin gwangwanin madara. Saje ɗan sanda ne fa, da kaki a jikinsa, a zamanin da ba wanda zai iya tambayarsa ina makullin tela. Wannan shi ne abin da na fi sani game da Saje, kuma shi kaɗai ne jarin da nake da shi ranar da ya zo neman in tsaya masa.

Amma kafin wannan rana sai da Larabar nan ta zo, 9 ga Mayu 2001. Hearts of Oak da Asante Kotoko suna wasa a filin wasa na Accra, Hearts ta ci biyu da ɗaya, magoya baya suka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, ƙofofi kuma a rufe. Mutum 126 suka mutu a turmutsutsun. Da yawansu 'ya'yan Nima da Maamobi ne, domin ba inda ake son ƙwallo kamar zango. Mu biyu mun riga mun ajiye aiki a lokacin, amma wa ya damu da wannan? Mun yi wanka, mun yi sutura, mun bi gawa, ina jin idanun mutane a ƙeyata. Bayan jana'iza matasa suka nufi ofishin 'yan sanda na Nima da duwatsu, sai da aka yi harbi sama. Shugaba Kufuor ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto, aka gurfanar da manyan jami'ai shida, daga baya a 2003 kotu ta sallame su. A cikin wannan zafi ne, ba a ko yanke hukunci ba, Saje ya ga lokaci ya yi da tsohon ɗan sanda zai nemi ƙuri'ar mutanen Maamobi.

Bayan sallar isha'i ya same ni a ƙofar gida. Na ce, "Yaya Saje, lafiyarka kuwa? Yanzu ko kyauta kake raba nama, in aka ce daga hannun polis ya fito, sai an sansana."

Ya ce, "Ƙanena, shi ya sa. Yaran nan sun jefi ofis da dutse don ba su san ƙofar shiga ba. Ni na san ƙofa, na san taga, na san wanda ke riƙe da makulli. In ban yi musu amfani da shi yanzu ba, kabari zan kai?"

Na ce to me yake so in yi. Ya ce hannu zan sa a takardarsa, in kuma hau dandamali in faɗi abin da na sani.

Ya kamata in bayyana yadda wannan zaɓe yake, don wanda bai zauna a Gana ba. Gwamnatin Rawlings ce ta kafa majalisun gundumomi a 1988, tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da su, ya kuma hana jam'iyyu tsayar da 'yan takara a cikinsu. Ba alamar jam'iyya, ba laima, ba giwa, hoton fuskarka kawai ake bugawa a takardar ƙuri'a. Kowa dai ya san jam'iyyar kowa, amma a baki ba a faɗa. A lokacin hukumar zaɓe ce ke kafa dandamali ɗaya, duk 'yan takara su hau su yi magana bi da bi, jama'a su yi musu tambayoyi. Wanda ya ci a wancan zamani ba shi da albashi, sai ɗan alawus na zama. Tun da ba jam'iyyar da za ta rufa maka baya a fili, abin da ya rage maka shi ne mutanen da suka yarda su tsaya a gefenka.

A zango kuwa tsaya wa mutum ba magana ce ta fatar baki ba. Daidai yake da tsaya wa wanda za a ba beli: in ya gudu, kai za a kama. Wanda ya rubuta wa jarida cewa ya yarda da wane, gobe yana iya yin shiru, ba mai bin sa gida. Ni kuwa ƙofata ba ta da ƙyaure mai ƙarfi, matata tana sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, jikokina suna makarantar allon lungu. Duk abin da Saje ya yi ko ya kasa yi, a kan teburin kokon nan za a zo a karanta mana shi. Matata ta faɗa mini haka ƙarara, ta kuma ƙara da cewa in ciniki ya mutu in shirya ciyar da gida da fansho. Na sa hannu washegari.

Muka bi gidajen manya kamar yadda aka saba. Muka gaida mai unguwa, muka gaida limamai, muka kai goro ga shugabannin ƙabilu, domin Maamobi ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Dagombawa da Kotokoli da Zabarmawa da Busanga da Frafra, kowa da sarkinsa. Manya ba su ba mu wahala ba, addu'a suka yi mana, kuma irin addu'ar da suka yi wa sauran 'yan takara ce. Wahalar tana majalisun samari, waɗanda suke kira bes, kowace da sunanta da bencinta da butar shayinta. A wata bes ɗin, muna isa suka tashi gaba ɗaya suka bar mana benci.

Ranar dandamali aka kafa rumfa a filin makaranta. 'Yan takara suka yi ta alƙawari: wannan zai rufe Gota, wancan zai kawo fitilu. Da aka ba ni lasifika, ban ce Saje jarumi ne ba, ban lissafa ɓarayin da ya kama ba. Wa zai burge da wannan a wurin da kowane gida ke da wanda aka taɓa kamawa? Na ba su labarin makullin tela, na nuna gidan da hannu, domin daga filin ana hango kwanon rufinsa. Na ce mutum ba a auna shi da abin da ya yi lokacin da ake kallonsa. Na ce na yi aiki da mutanen da suka fi shi ilimi da igiya, amma ban ga wanda aka ba dama irin wannan ya bar ta ba. Sannan na ce, in ya ci amanarku, gidana kun san shi.

Ban sauka ba wani dattijo ya miƙe. Ɗansa na cikin waɗanda suka mutu a filin wasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sufeto, mun ji zancen tela. Ni tambayata ɗaya ce. Da Saje na filin nan ranar Laraba, aka ce ya harba, zai harba ko ba zai harba ba?"

Na buɗe baki zan ce ba zai harba ba, Saje ya riƙe hannuna ya karɓi lasifika. Ya ce, "Baba, Allah ya jiƙan yaronka. In na ce maka ba zan harba ba, na yi maka ƙarya don ƙuri'a. An koya mana bin umarni tun muna samari, kuma na bi umarnin da har yau yake hana ni barci. Abin da zan iya yi maka alƙawari shi ne, duk yaron unguwar nan da aka kama, ko ƙarfe nawa ne, ba zai kwana a can ba tare da wani nasa ya gan shi da ido ba."

Na ɗauka mun faɗi a nan. Har yau ina ganin amsar ta yi tsauri ga uban da ke cikin makoki, kuma da ni ne da na sassauta. Dattijon bai ce komai ba, ya zauna. Ban san wa ya zaɓa ba. Saje dai ya ci, da tazara kaɗan, a zaɓen da yawancin mutane ba su ma fito ba, kamar yadda aka saba a zaɓen asambuli.

Aikin da ya tarar ba na tsaro ba ne. Shara ce da kwata da ban-ɗakin jama'a. A shekarun nan rigimar wa zai riƙe ban-ɗakin gwamnati ya karɓi kuɗin shiga ta fi kowace rigima zafi a unguwannin Accra, domin gidaje da yawa ba su da nasu, layi kuma tun asuba. A wannan fanni Saje bai taɓuka abin kirki ba. Bai iya zaman majalisa ba, Turancinsa na rubuta rahoto ne, ba na jayayya da injiniyoyi ba. Gota ta ci gaba da ambaliya duk damina. Mata suka yi ta tsayawa wurin matata suna tambaya, "Ina mutumin mijinki? Ruwa ya shiga ɗakinmu jiya." Wata rana har cikin gida wata tsohuwa ta kawo mini tabarmarta jiƙe ta shimfiɗa a tsakar gida ta tafi.

Amma alƙawarin da ya yi wa dattijon nan ya cika shi. Ya san tsarin mulki ya ce ba a tsare mutum fiye da awa 48 ba a kai shi kotu ba, ya san beli kyauta ne, ya kuma san yadda ake faɗin haka ga wanda ke kan kanta ba tare da an kunyata shi ba. Ya kafa kwamitin sintiri na unguwa, ya sa musu doka ɗaya: ɓarawo a hannun hukuma ake miƙa shi da ƙafafunsa, ba a makara ba. Ya jawo samarin bes ɗin da suka bar mana benci cikin kwamitin, abin da ya sa wasu manya suka ce ya ba kura ajiyar nama. Wasu daga cikinsu sun ba shi kunya, da yawa ba su ba shi ba. Ana ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare, shi kuma ya biyo ta gidana, wai ai ni na tsaya masa.

Sai abin ya zo gida. Ɗan ƙanwata aka kama a Circle, a layin Tip Toe inda ake cinikin wayoyi, da wayar da aka fizge wa wata mata a tashar motocin haya na trotro. Ƙanwata ta zo da kuka. Ta ce, "Yaya, kai ka ɗora mutumin nan a kujera. Ka ce masa ya je ya kashe maganar." Na tafi wurinsa, kuma ba zan ɓoye ba, ina fatan ya yi. Ya sa hularsa muka tafi tare. Ya ga yaron, ya duba jikinsa ko an taɓa shi, ya tabbatar an rubuta sunansa a littafi, ya sa aka ba da belinsa ba ko sisi. A hanyar dawowa na ce, "Yaya Saje, mai binciken nan yaronka ne, kai ka koya masa aiki. Kalma ɗaya ce." Ya ce, "Matar da aka fizge wa wayar fa, ita wa zai yi mata kalma ɗaya? Kai ka hau dandamali ka ce musu ba na taɓa abin da ba nawa ba. Wannan shari'ar ba tawa ba ce."

Yaron ya je kotu, aka ci shi tara, muka haɗa muka biya. Ƙanwata ta daɗe ba ta taka gidana ba, kuma a zaɓen 2006 da kanta ta yi ta bin gidaje tana tallan abokin hamayyarsa, wani matashi mai babur da lasifika wanda ya iya Turanci. Shi ya ci. Gaskiya ya fi Saje iya majalisa, ya samo kwantenar shara da fitilu. Daga baya ma tsarin ya canja gaba ɗaya, a 2018 aka ba Nima da Maamobi kowace majalisarta, Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, Saje bai kai ga ganin wannan ba.

Faɗuwa zaɓe ba ta rage masa baƙin dare ba. Shi kansa sabon asambuliman, in an kama yaro, babur yake hawa ya zo ƙofar Saje ya ce, "Baba, a taimaka." Gwiwoyin Saje sun riga sun ƙi babur a lokacin, don haka sai a tsayar da tasi, a biyo ta gidana a ɗauke ni. Kuɗin tasin ni nake biya, wai don fanshon sufeto ya ɗan fi na saje.